Cittar Ado a Zafin Njamena

Cittar ado, wadda ake shukawa don furenta ba don shayi ba, 'yar kurmi ce. Inuwa da raɓa ta sani. Mu kuwa a Njamena zafin Afrilu kan haura digiri 40, sai gefen ganyenta ya ƙone tamkar an kara masa wuta. Da yawa kan ɗauka ƙishirwa ce, su yi ta kwara ruwa har saiwar ta ruɓe a gindin tukunya. Abin da take nema inuwar darbejiya ce, da tukunyar yumɓu mai huda a ƙasa, don ta roba dafa saiwa take yi. Ƙasar kuma a cuɗa ta da yashin bakin Shari da ruɓaɓɓen taki.

Amma asarar hunturu ta fi ba mu takaici. Ganye ya bushe ƙamas, maigida ya ce ta mutu, a kai ta bola, alhali barci take. Mukan tona kaɗan da yatsa. In saiwar na da tauri, sai mu rage ban ruwa, mu jira ruwan Yuni.