Ƙarfen Da Ruwa Ba Ya Kashe Wutarsa

Maƙerin tukwanen dalma a Jimeta ya dogara ne ga 'yan gwangwan. Su ke kawo masa tsofaffin gwangwanaye da kayan inji na alminiyam, ya narka, ya zuba tukwane da ludaya. To, a cikin wannan tarkace akan sami wani farin ƙarfe mai kama da alminiyam, amma ya fi shi rashin nauyi. Sunansa maganiziyam.

Wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ne ya fara ware shi a 1808. Nauyinsa kashi biyu ne cikin uku na alminiyam, kuma bai kai rubu'in baƙin ƙarfe ba. Shi kaɗai ba shi da ƙwari sosai, don haka masana suke gauraya shi. Haɗin da ya fi shahara, AZ91, yana da alminiyam kashi 9 cikin ɗari da tutiya kusan kashi 1. Da irin wannan gami aka yi gidan inji da gidan giya na ƙaramar Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Yau ana sa shi a sitiyarin mota da jikin kwamfuta, domin mota marar nauyi ba ta shan mai da yawa.

Amma fa akwai hatsari. In ya narke a fili yakan kama da farar wuta mai kashe ido, kuma zuba masa ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ne maganinsa. Kafin narkawa, sai a kankare jikin ƙarfen a ɗiga masa binega: in ya yi kumfa maganiziyam ne, sai a ware shi gefe.

Abin lura shi ne, Jihar Adamawa tana cikin jihohin da ke da dutsen maganisait, wanda ake samun wannan ƙarfe daga gare shi, alhali ƙasar Sin ce ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na duniya. Ga kuma Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha. Ya kamata malamanta su sauko kasuwa su zauna da maƙera, su fara da koya musu rarrabe ƙarafan nan biyu. Rigakafi dai ya fi magani.