Ƙaron nan da muka raina

1/ Jama'a, yau maganar ƙaro zan yi. Eh, wannan da ake ɓamɓarowa a jikin dakwara, almajirai su haɗa tawada da shi.

2/ A Kiyako na taso ina ganin iyayenmu mata na matsar man gyaɗa. In ya daɗe a jarka, iska da zafi suka taɓa shi, sai ya fara wari. Dole a karya farashi, wahala ta tashi a banza.

3/ A masana'anta kuwa, narka ƙaro ake yi a ruwa, a kaɗa shi da mai, a fesa cikin iska mai zafi. Ruwan ya ƙafe, ƙaro ya lulluɓe kowane ɗigon mai, ya koma gari. Iska ba ta saurin cim masa.

4/ Haka ake adana man kifi da ƙamshin lemo. In ka ga E414 a jikin kwalba, ƙaro ne.

5/ Abin da ke ci min rai: Jigawa ga ƙaro, ga gyaɗa, ga riɗi, amma yawanci ɗanye muke lodawa waje. 'Yan kimiyyar abinci, kuna ina ne?