Daga Filin Meiganga Zuwa Garwa

Baƙon da ya sauka Meiganga, hedkwatar Mbere a Adamawan Kamaru, ranar wasa da la'asar, ya bi ƙura kawai, za ta kai shi filin ƙwallo. Gbaya da Fulani da Hausawa ne ke fafatawa, wani ɗan acaɓa, wani ɗan tireda, don ƙwallon ba ya ciyar da su.

A 1983 aka raba lardin Arewa gida uku, shi ya sa Adamawa ke da gasarta daban a ƙarƙashin FECAFOOT. Zakaranta ke zuwa wasannin Interpoules neman hawa Elite Two.

Coton Sport ta Garwa, wadda aka kafa a 1986, ta zama zakaran ƙasa a 1997, da kamfanin auduga na Sodecoton a bayanta. To, attajiran Meiganga, wa zai ɗauke wa yaranmu kuɗin mota zuwa Ngaundare?