Rali, Faci Da Izinin Inna

Mu tara ne, kuma ni na fi kowa tumbi. Abin da abokaina suka fara gaya mani ke nan ranar da na ce a sa sunana cikin masu zuwa Sabuwa a keke. Wai mutumin da aikinsa zama gaban talbijin yana ƙirga kurakuran darakta, ina shi ina feda? Na haɗiye, don ba ƙarya suka yi ba.

Tsarin dai shi ne mu tashi daga Ƙanƙara mu bi hanyar Sheme mu kwana Faskari, washegari mu ratsa Funtuwa mu yada zango a Ɗandume, rana ta uku mu shiga Sabuwa. Mun zaɓi hunturu saboda rana ba ta da zafi, an gama girbi babu dogayen karan dawa a bakin hanya, kuma a ranar farko iskar arewa maso gabas za ta riƙa tura mu ta baya.

Duk wanda ya kalli Jo Jeeta Wohi Sikandar na 1992 ya san yadda fim ke shirya wa mutum tseren keke: a saki kiɗa, Aamir Khan ya yi gumi na 'yan mintuna, shi ke nan ya zama gwani. Ni satina shida ina fita bayan sallar Asuba, kuma a satin farko ko zaman tahiya da ƙyar nake yi. Ashe sirdi ne ke fara karya mutum, ba ƙafa ba.

Keken nawa Rali ne na marigayi babanmu, ba shi da giya ko ɗaya. Sauran duk na gwanjo suka saya, masu giya bila'adadin, suna yi mani dariya. Amma da na kai shi wurin mai faci, sai da dattijon ya shafa shi kamar ya ga tsohon aboki. Ya canza taya da tub, ya ɗaure sifok, ya sa robar birki sabuwa, ya wanke sarƙa da kananzir. Sannan ya zaunar da ni ya koya mani faci, ya ce in na shafa gam in jira ya sha iska kafin in manna, gaggawa ce ke sa faci ya ɗaye. Ya ƙara da cewa in nawa ya lalace kowane ƙauye akwai mai gyara shi, su kuwa masu giya sai sun nemi birni. A nan na tuna da fim ɗin Vittorio De Sica na 1948 kan ɓarayin keke, inda keke guda shi ne abincin gida gaba ɗaya. Mu kuwa a finafinanmu, in ka ga keke to an shirya yi wa baƙauye dariya ne. Wannan wani sharhi ne na wata rana.

Jama'a, duk wannan ƙaramin shiri ne. Babban shirin shi ne hanyar kanta. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da ukun da za mu ratsa. An yi zaman sulhu da 'yan bindiga a yankin a 2025, to amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Don haka muka kafa wa kanmu doka. Ba fita sai rana ta fito, ba tafiya bayan La'asar. Ba yanke ta daji, komai daɗinsa. Kullum da safe sai an kira direbobin tasha an ji yadda hanya ta kwana, in sun ce a'a, to a'a ce. Za mu sanar da masu gari da jami'an tsaro, amma Facebook ba zai ji komai ba sai mun dawo. Rigar anko da wani ya kawo shawara ma an soke ta.

Inda aka yi rigima shi ne kan kyamara. Akwai mai ɗaukar hoto a cikinmu, ni da shi mun so mu fito da ɗan fim daga tafiyar. Sai wani ɗan Faskari da ke cikinmu ya ce, “Ku je ƙauyen da kowa ke tsoron infoma ku ɗaga wa mutane kyamara? Ku za ku tafi, su za ku bari.” Na yi gardama har da kawo misalai, daga baya na ga ba ni da gaskiya. Kyamara ta zauna a gida. Shi mai ita ya yi fushi ya janye, wani kuma matarsa ta hana shi. Mun koma bakwai.

Saura Inna. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, sai ta ce, “Kai yaron nan, mota ta ƙare ne a duniya?” Na ce mata rabona da ganin Goggo a Sabuwa tun kafin rasuwar Baba, kuma kullum ta gilashin mota nake ganin garuruwan nan, direba na gudu kowa na salati. Ina so ko sau ɗaya in wuce su a hankali, in yi sallama a amsa mani. Ta ce wannan zancen 'yan fim ne, ta tashi ta shiga ɗaki.

Har yau ba ta ce in je ba, ba ta kuma ce kada in je ba. Amma shekaranjiya da na fito zan tafi atisaye, na tarar da ƙullin daddawa da kuka a kan kariyar keken, ɗaure tamau da roba. Ƙanwata ta ce Inna ta ce na Goggo ne, kuma kada in kuskura in haɗa shi wuri ɗaya da gam ɗin faci.