Zango a Ƙasar Masara

A watan Yuli na shekarar 2022, bayan mun kammala ɗan binciken da ya kai mu Jami'ar Wiskonsin da ke Madisin a ƙasar Amurka, sai mai masaukinmu, wani dattijon malami da ya yi ritaya, ya ce zai tafi Denba ta jihar Kolorado gano 'yarsa, idan muna da sha'awa mu raka shi. Tafiya ce ta kusan mil dubu, kuma a mota za a yi ta, ana jaye da wani ɗan ɗaki mai tayoyi wanda ya ƙunshi gadaje biyu da murhun gas da firiji da tankin ruwa, har da makewayi. Ganin ɗakin nan ya tuna mana da Fulanin tashi da takarkarinsu, sai dai su ciyawa suke bi, shi kuwa dattijo hutu yake bi. Muka amsa ba tare da jinkiri ba.

Akwai dalilin da ya sa muka yi saurin amsawa, wanda ba mu faɗa wa dattijo ba. Mako guda kafin nan ƙanenmu ya aiko da saƙo daga gida cewa an taya gandun marigayi mahaifinmu, za a yanka shi filaye, kuma 'yan'uwa duk sun zuba ido su ji ta bakin babban wa. Mu kuwa da muka shafe shekaru muna koyarwa a kudu, rabonmu da riƙe fartanya tun muna sakandare, sai muka ce a dakata mu dawo. A gaskiya gudun maganar muke yi.

Muka tsallake kogin Misisipi a Dubuk, muka faɗa jihar Ayowa. Daga nan sai masara da waken suya, dama da hagu, iyakar ganin ido. Hanyoyin karkara miƙe suke sambal, suna gittawa da juna kusan bayan kowane mil guda, domin tun 1785 aka yi dokar auna ƙasar a yanka ta gida-gida kamar dara. Kafin zuwan garma, yankin nan shimfiɗar ciyawa ce wadda a wasu wurare takan shanye tsawon mutum. A yau abin da ya rage daga cikinta a Ayowa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Amma abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, mun wuni cur muna keta gonaki a tsakiyar damina, ba mu ga mutum ɗaya a duƙe ba.

Kashegari muka haye kogin Mizuri a Omaha, muka shiga Nebaraska. Da muka nausa yamma sai ruwan sama ya riƙa ƙaranci, aka koma ban ruwa da wasu dogayen bututai masu tayoyi da ke kewaya gona suna yayyafi, ba mai tsaron su. A nan muka roƙi dattijo ya ratse zuwa ƙauyen Red Cloud, inda marubuciya Willa Cather ta tashi, wadda muka karanta littafinta My Ántonia na 1918 muna ɗalibai. Mutanen littattafanta baƙi ne daga Turai, waɗanda dokar 1862 ta zamanin Shugaba Linkon ta kwaɗaita wa zuwa: eka 160 ga duk wanda ya zauna shekara biyar yana nomawa. Ƙasar kuwa tana da masu ita, domin a shekarun 1870 aka kwashe ƙabilar Pawnee zuwa inda ake kira Okalahoma yanzu, ɓaunayen da suke farauta kuma aka karkashe su. Garin da ya haura mutum 1,800 a 1890, a ƙidayar 2020 bai kai dubu ba. Ke nan an kori wasu don a zaunar da wasu, su ma ga jikokinsu suna watsewa.

Da la'asar, mun baro garin ke nan, iska ta taso tana kaɗa ɗakin da muke ja, motar na tangaɗi, can sai muka ji ƙara: tayar ɗakin ta fashe. Jak ɗin da ke motar ya kasa ɗaga shi. Muka fi awa guda a bakin hanya, ba mota ba mai tafiya a ƙasa, har Allah ya kawo wani tsohon manomi a cikin a-kori-kura. Ya ɗauko nasa jak, muka canza tayar, sa'an nan ya ce dare ya yi, mu ja ɗakinmu mu yada zango a harabar gidansa.

A hirar dare ya gaya mana cewa gonar da yake nomawa a da gonakin gidaje bakwai ce. Maƙwabta na tashi, shi yana saye, domin injin girbi ba ya biyan kuɗinsa a ƙaramar gona. Makarantar da ya yi an rufe ta don rashin yara. 'Ya'yansa uku duk sun yi karatu, suna birni, ba mai niyyar dawowa, kuma bai ga laifinsu ba. Da ya ji cewa mu ma ɗan manomi ne, sai fuskarsa ta washe, ya ce, “To, wa ke noma gonar mahaifinku yanzu?” Muka yi ta kame-kame, muka ce ƙanenmu ne, alhali mun san shi ma rabi yake nomawa, rabi ya bar wa tafasa.

Daren nan barci ya ƙaurace mana. Muka fito muka zauna a matakalar ɗakin, ba abin da ake ji sai kukan gyare da ganyen masara. Muka tuna ranar gayya a gandunmu: gangar noma na tashi, samari sun jeru kunya-kunya ana yi musu kirari, 'yan mata na tafe da ƙoren fura, Baba na bin baya yana duba inda aka yi ha'inci. Ba za mu yaudari kanmu ba, wahala ce tsantsa, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri mun ga rumbu ya ƙare kafin bazara. Abin da tsohon nan yake girbewa shi kaɗai, ƙauyenmu kaf ba ya samun kwatankwacinsa, kuma duk mai ƙaunar manomanmu zai so su sami tarakta da taki. Sai dai mun lura cewa shi da ya sami duk wannan, abin da ya fara tambayar baƙo shi ne wa ya tsaya a gona. Nan muka gane cewa a labarinsa mu ne 'ya'yan nan uku. Mun daɗe muna nazarin waƙoƙin noma a aji, muna fiɗar salonsu da jigonsu, gonar da ta haife su kuwa muna shirin sallama ta ta waya.

Da asuba muka kira gida. Ƙanenmu ya ce, “Yaya, an yanke shawara ke nan?” Muka ce a'a, amma a gaya wa mai saye ya yi haƙuri da bana, za mu zo da kaka a zauna da kowa, har da matan gidan da suke da gado a ciki, kuma kuɗin huɗar rabin da aka bari baɗi yana wuyanmu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Yaya, gona ba kuɗi kaɗai take so ba, tana son a riƙa taka ta.” Ba mu da amsa, domin ya fi mu gaskiya.

Muka sallami tsohon, muka ɗaura ɗakinmu, muka kama hanyar Denba. Ya tsaya a bakin rumbunsa na ƙarfe yana ɗaga mana hannu har masara ta rufe shi.