Dalar Da Ke Ƙirga Kwanaki

Da asuba muka bar birnin Merida na ƙasar Meksiko, muka nufi gabas. Bayan tafiyar wajen mil 75 sai muka iso Chichen Itza, tsohon birnin mutanen Maya. Birnin ya daɗe da zama kufai, amma a tsakiyarsa akwai wani ginin dutse mai siffar dalar gyada irin ta Kano ta dā. Tsayinsa ya kusa ƙafa 100.

Yanzu an hana hawa, saboda haka muka tsaya a gindi. Mai yi mana jagora, wanda shi ma jinin Maya ne, ya ce mu ƙirga matakala. Kowane gefe yana da 91. Gefe huɗu sun zama 364, in an haɗa da dandalin sama sun cika 365. Ashe kwanakin shekara ne aka gina da dutse!

Mutanen nan gwanayen lissafi ne ƙwarai. Shekararsu tana da wata 18, kowane wata kwana 20, sai ragowar kwana 5 da suke ɗauka kwanakin haɗari ne. Suna kuma da wani ƙirge na ibada mai kwana 260. Da shi firistocinsu ke duba rabon jariri, su zaɓi ranar da ta dace da kowace hidima. Ƙirgen nan biyu ba su komawa mafari tare sai bayan shekara 52. Har yau a kan tuddan Gwatamala akwai dattawa masu riƙe da ƙirgen kwana 260.

Akwai kuma na uku, dogon ƙirge, wanda ya soma daga shekara ta 3114 kafin haihuwar Almasihu. Babban zagayensa ya cika ran 21 ga Disamba, 2012. To, a nan ne magana ta tashi. Waɗansu marubuta a Amurka da Turai suka ce ran nan duniya za ta ƙare, waɗansu kuwa suka ce za a shiga sabon zamani na ruhu. Har sinima aka yi a kan haka a 2009. Tsoro ya kama mutane da yawa, har da yara, sai da hukumar NASA ta fito ta kwantar da hankalin jama'a. Dubban mutane suka taru a gindin dalar nan ran nan. Kashegari rana ta fito kamar kullum.

Da na tambayi jagoranmu, sai ya yi dariya. Ya ce kakanninsa ba su ce duniya za ta ƙare ba, ƙirge ne ya cika, wani ya soma. Gaskiyarsa kuwa, gama a kufan Palenke akwai rubutun Maya da ya ambaci wata rana a shekara ta 4772.

Ya mai karatu, za a sake zuwa maka da wata rana, ko daga dutse, ko daga mafarki. Kada ka sayar da gonarka, kada kuma ka bar tsoro ya kwana da 'ya'yanka. Ranar ƙarshe Allah kaɗai ya san ta. Namu shi ne mu yi aikin yau da aminci.