Rumbun da ke gina kansa

Gaisuwa daga Birmingham, inda sanyi ya riga ya kankama. Ƙannena masu koyon rubuta manhaja sun dame ni da tambaya ɗaya, sai na ga gara in amsa a nan kowa ya ji. Baba, ka yi haƙuri, yau maganar aiki ce.

Muna adana aikinmu da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Kowa yana da rumbunsa a kwamfutarsa, akwai kuma rumbu na nesa a kan uwar garke, inda ake tura aiki don abokan aiki su ɗauka. Tambayar ita ce: in ka tura alhali ba a gina rumbun nesan ba, me zai faru?

Shi Git ba ruwansa da ginin, uwar garken ce ke yanke hukunci. A GitHub za a ce maka ba a ga rumbun ba, sai ka buɗe shi tukuna. GitLab kuwa tun 2018 yana gina maka shi nan take da sunan da ka rubuta, kuma a kulle, ba a bainar jama'a ba. Gitea ma yana iyawa, amma sai mai kula da uwar garken ya kunna.

Ina son saukin, ba ƙarya. Sai dai na'ura ba ta san tuntuɓen yatsa ba. A wurin aikinmu an kunna wannan tsari, wani abokin aikina ya tsallake harafi ɗaya a adireshin rumbu. Ba a ce masa uffan ba, sabon rumbu kawai aka gina masa. Kwana uku yana zuba gyare-gyarensa can, mu kuma muna jira a tsohon, har aka fara zargin bai taɓa komai ba. Bawan Allah, ga shi sabon ɗauka, watanninsa na gwaji ba su ƙare ba. Da ƙin karɓa aka yi tun ranar farko, da a minti ɗaya ya gane.

Don haka ni a aikina na ni kaɗai ina barinsa a kunne, a na taro kuwa na fi son a kashe. Ku kuma, bayan turawar farko ku buga git remote -v ku karanta adireshin harafi-harafi, sannan ku leƙa ku tabbata rumbun a kulle yake.

A gaida Inna da yara. Kilishin ya iso lafiya, Allah Ya saka da alheri.